Sub-Zero ba gunkin ƙanƙara, ina amfaninsa?

Abin haushi a gidajen buga wasan PlayStation (PS) na Maradi shi ne ka zo da hannun wasan faɗa na Mortal Kombat na 2011, ka tarar an sauya maka Sub-Zero, ɗan faɗan nan mai amfani da ƙanƙara. A na 2011, ka matse mutum a lungu, ka dasa gunkin ƙanƙara mai siffar Sub-Zero gabansa. Ya kai naushi ya daskare, ya yi tsalle ka kaɓo shi. A Mortal Kombat X na 2015 sai ka zaɓi salon Grandmaster kafin ka samu gunkin, ka haƙura da takobi da gudumar salon Cryomancer. A Mortal Kombat 11 na 2019 kuwa, an cire gunkin ɗungurungum! An dai bar maka zamiyar nan ta ƙasa, wadda in abokin karawa ya tare, wallahi ka sha duka.