Jarrabawar zama ɗan Birtaniya: hadda ake nema ko sanin ƙasa?

Wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a arewacin Ingila. Kwanakin baya na kira ta a waya, sai na tarar tana maimaita sunaye kamar almajiri a gaban allo. Na ce lafiya? Ta ce: "Yaya, matan Sarki Henry na Takwas nake bita, su shida ne, kuma sai na san wadda ya saka da wadda ya sa aka fille wa kai." Shekara biyar ke nan tana kwana a kan marasa lafiyar ƙasar, ana cire mata haraji tun kafin albashi ya shigo hannunta, amma takardar zaman dindindin ba za ta samu ba sai ta rarrabe Anne Boleyn da Catherine Howard.

Jarrabawar da take shiryawa ita ce ake kira Life in the UK. Tambayoyi 24 ne a kan kwamfuta, a zaɓi amsa daga cikin waɗanda aka jera, cikin minti 45. Wanda ya samu 18 ya haye. Kuɗinta fam 50, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biyan wani fam 50 ɗin. An ɗauke wa yaran da ba su kai shekara 18 ba da dattawan da suka kai 65. Duk tambayoyin daga littafi guda suke fitowa, wanda ma'aikatar cikin gida ta amince da shi.

Ni ban ga laifin ƙasa ta tambayi mai son zama ɗanta abin da ya sani game da ita ba. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka liƙa. Ko a unguwa, baƙon da ya shekara biyar bai san gidan mai unguwa ba, da wuya a ce ya zauna da mutane. Kuma asalin abin da niyya mai kyau aka fara shi. Bayan tarzomar da aka yi a Oldham da Burnley da Bradford a 2001, gwamnatin Tony Blair ta damu da yadda al'ummomi ke zaune gari ɗaya amma kowa da duniyarsa. Ministan cikin gida na lokacin, David Blunkett, ya ɗora wa tsohon malaminsa Bernard Crick aikin tsara abin da ya kamata sabon ɗan ƙasa ya sani. Aka fara jarrabawar a Nuwamban 2005 ga masu neman zama 'yan ƙasa, aka faɗaɗa ta a 2007 ga masu neman zaman dindindin. Bugun farko na littafin sun fi karkata ga zaman yau da kullum: neman aiki, haya, makarantar yara, ganin likita.

A 2013 gwamnatin David Cameron ta sake fasalin littafin, ta cika shi da tarihi da sarakuna da mawaƙa da 'yan wasa. Daga nan ne ake sa ran mutum ya riƙe cewa tsayin lilon nan na London Eye mita 135 ne, kuma wani Sake Dean Mahomet ne ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan a 1810. Labari ne mai daɗin hira, ban musa ba. Amma a gwada tare mutum goma a tashar jirgin ƙasa ta Leeds, waɗanda kakanninsu a nan aka binne su, a yi musu waɗannan tambayoyi. Farfesa Thom Brooks na Jami'ar Durham, haifaffen Amurka wanda shi ma ya zauna jarrabawar, ya kwatanta ta da kacici-kacicin mashaya, marar kyau ma. A 2022 wani kwamiti na Majalisar Dattawan ƙasar ya nemi a sake duba ta cikin gaggawa. Wato ƙorafin ba na baƙi kaɗai ba ne, masu gida ma sun ga jirwayen.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tarihin kansa. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma Birtaniya ta rera tata da daɗi ƙwarai. Littafin ya ba da labarin hana cinikin bayi a 1807 da dokar 'yanta su ta 1833, da sunan William Wilberforce, ɗan majalisar da ya yi fafutukar hana cinikin. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai ragowar gaskiyar: gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma masu bayin aka biya, ba bayin ba. Bayin da suka yi ta tawaye a Jamaika da sauran tsibiran, waɗanda suka sa riƙe su ya zama asara, ba su samu rabon yabon da 'yan majalisa suka samu ba.

Game da ƙarshen mulkin mallaka kuwa, littafin ya nuna cewa galibi an miƙa mulki ne cikin tsari. Wannan magana tana cikin abubuwan da suka sa masana tarihi 181 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2020 suna neman a gyara. Raba Indiya da Pakistan a 1947 ya ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane, ya raba miliyoyi da gidajensu. A Kenya, azabar da aka gana wa waɗanda aka tsare lokacin tawayen Mau Mau na neman 'yancin kai ta kai gwamnatin Birtaniya da kanta ta bayyana nadama a 2013, ta biya diyyar kusan fam miliyan 20 ga mutum fiye da 5,000. To wane tsari ke nan?

A lura da su wa ke zaune a gaban kwamfutar. Ba'indiye ne, da ɗan Pakistan, da ɗan Kenya, da ɗan Najeriya. Ƙanwata ta taso tana jin labarin shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903, da yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a shekarar. A danginmu akwai tsohon da ya je yaƙin Bama ƙarƙashin tutar Ingila, kamar dubban 'yan Afirka ta Yamma da aka kwasa a yaƙin duniya na biyu. Ba na cewa dole littafi ya ambaci Burmi; daula ce da ta mamaye kusan rubu'in duniya, ba za a ƙirga kowane fage ba. Abin da nake cewa shi ne, a ce wa jikan wanda aka ci da yaƙi ya danna amsar da ya san an yi mata kwaskwarima, in ba haka ba fam 50 ɗinsa ta tafi, wannan ba koyar da son ƙasa ba ne. Koya masa ake yi ya faɗi abin da ake son ji. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Masu kare jarrabawar suna cewa tambaya 24 ba za ta ɗauki komai ba, kuma kowace ƙasa tana fara gabatar da kanta da kyakkyawar fuskarta. Haka ne. Amma tunda wurin kaɗan ne, zaɓin abin da za a sa shi ne magana. Kuma abin takaicin, akwai zinariya a cikin littafin da tarkacen suka binne. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda ta nuna sarki ma yana ƙarƙashin doka. Dokar 'yanci ta 1689 da ta hana sarki karɓar haraji ba da yardar majalisa ba. Mata ba su samu ƙuri'a ba sai 1918, su ma waɗanda suka haura shekara 30, sai a 1928 aka daidaita su da maza. Hukumar lafiya ta NHS, inda ƙanwata ke aiki, a 1948 aka kafa ta. Wanda ya fahimci waɗannan ya gane cewa 'yancin da ya tarar ba daga sama ya faɗo ba, ƙwato shi aka yi a hankali, wani da jini.

Sai sashen yadda ake tafiyar da mulkin ƙasar, wanda ya fi kowanne amfani, wanda mutanenmu suka fi tsallakewa saboda ba ya wahalar hadda. Mazaɓu 650 ne, kowacce da wakilinta a majalisa, kuma yawancinsu suna da ranar da suke zama su saurari koken duk wanda ke zaune a mazaɓar. Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da majalisarta. Ana iya kiran mutum daga rajistar masu zaɓe ya zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Ga kuma wanda da yawa ba su sani ba: ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar Kwamanwel, irin su Najeriya da Ghana da Kamaru, in yana zaune bisa ƙa'ida, yana da damar yin rajista ya jefa ƙuri'a tun kafin ya karɓi fasfon Birtaniya. Da ni ke tsara jarrabawar, rabin tambayoyin daga nan za su fito, sauran kuma daga haƙƙin ɗan haya da na ma'aikaci, sannan tarihi a faɗe shi da daɗinsa da ɗacinsa.

Ƙanwata dai ta ci, a zama ɗaya. Da na kira in yi mata barka, na ce ta jero mini matan Henry, sai ta yi dariya ta ce huɗu suka rage mata. Na tambaye ta ko ta yi rajistar zaɓe. Ta ce ai tana jira sai ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa tukuna. Zaɓen 2024 ya zo ya wuce tana da damar jefa ƙuri'a, ba ta sani ba.