Ƙwallon makarantu a Maradi: a nemi yardar iyaye kafin kuɗin alhazai

Ba wanda zai koya wa Maradi son tamaula. Garin Jangorzo da Dan Kassawa ne, kuma a filinmu aka buga wasu daga cikin wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a watan Fabrairun 2019, gasar da Mali ta lashe. Daren da manyan ƙungiyoyin Turai ke wasa, gidajen kallo cike suke maƙil. Amma leƙa wasan da ake yi tsakanin lise biyu. Ɗalibai ne kaɗai a bakin fili, sai malamin motsa jiki da usur a wuya da jarkar ruwa a gefe, wani lokacin ma balon da kuɗin aljihunsa ya saye shi. Da wuya ka ga uba ko guda.

A ganina gyaran daga ofishin shugabannin makarantu zai fara. Abin da aka saba shi ne, sai gasa ta ƙarato a buga takardar neman taimako a kai wa wani alhaji a kasuwa. Ya sayi riguna, a ɗauki hoto, sai kuma baɗi. Allah ya saka masa da alheri, amma mutum guda ba shi ne gari ba, kuma ranar da kasuwa ta juya masa baya, ƙungiyar ta watse.

Iyaye ne aka tsallake, alhali uban da ke hana ɗansa zuwa fili yana da hujja. Ya ga yaran unguwa da suka bar aji saboda mafarkin Turai, ga shi ba Turai ba BEPC, takardar kammala koleji. Ya san atisayen yamma na cin lokacin islamiyya, yaro ya shigo gida bayan magariba buɗu-buɗu da ƙura. Yana kuma tambayar kansa: in ƙafa ta karye, wa zai biya magani? Shugaban da bai zauna ya amsa waɗannan ba, kada ya yi mamaki in ya kira mutane ba su zo ba.

Wurin zaman ma akwai shi. Makarantunmu na da kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyayen ɗalibai. A taron farkon shekara, inda ake maganar tebura da alli, a sa maganar ƙwallo, a shimfiɗa sharuɗɗa a gaban kowa. Mai fashin aji ba zai sa rigar makaranta ba. Wanda makinsa ya faɗi ya zauna a benci har ya gyara. A tashi atisaye kafin kiran sallar magariba, kuma a tanadi akwatin magani. A buga gasar cikin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kada a kai ta zafin Afrilu lokacin da ƴan jarabawa ke bita. Uban da ya ga ƙwallo ce ke sa ɗansa sammakon zuwa aji, da kansa zai ɗauko kujera ya zo kallo.

Sai batun kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: telan unguwa zai iya ɗinka riguna da rangwame, mai walda ya haɗa ƙarfen raga, tsofaffin ƴan wasa su taya malami horo. Sai dai duk jikar da ta shigo a rubuta ta, a manna lissafin a ƙofar makaranta. Mutanen Maradi ƴan kasuwa ne, ba sa sake zuba kuɗi inda ba su ga lissafi ba.

Akwai kuma abin hange a gaba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙaddamar da gasar makarantun Afirka a 2022. A zagayen ƙarshe da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2023, wata makarantar Gini ce ta ci ɓangaren maza, ta Tanzaniya ta ci na mata, kowacce ta samu dalar Amurka 300,000 don ayyukan makaranta. Gasar ta ƴan ƙasa da shekara 15 ce, wato aikin daga koleji yake farawa. Ƙungiyar ƴan mata kuwa ba za ta tsaya a garin nan ba sai iyaye mata sun amince da fili mai katanga, da suturar da ta dace, da malamar da za ta raka su.