Sun ce sun kulle kaset, to ina makullin?

Wallahi abin da masu haɗa na'urorin ajiyar bayanai suke yi wa mutane ya isa haka. Su zo su kafa na'urar kaset ta LTO, wadda ke rubuta kwafin bayanan kwamfuta a kan kaset don ajiya, su kunna kullen bayanai, wato juya su yadda ba mai iya karantawa sai da makullin sirri, su karɓi kuɗinsu su kama gabansu, ba wanda ya ce uffan a kan makulli. Alhali tun fitowar samfurin LTO-4 a 2007 na'urar da kanta take kulle bayanai da tsarin kullewa mai suna AES-256. Wahalar duka tana wajen makulli, shi kuma suke yi wa riƙon sakainar kashi.

Na'urar ba ta riƙe makulli. Da zarar wuta ta ɗauke ko an sake kunna ta, ya goge. Idan da manhajar stenc aka ɗora shi a Linux, sai an sake ɗorawa bayan kowace kunnawa. In ba a tsara hakan ba, ajiyar dare za ta shiga kaset a buɗe, rahoto kuma ya ce komai lafiya. Mai kamfani yana zaton bayanan albashi da na abokan hulɗa a kulle suke, ashe kaset ya tafi ma'ajiya tsirara. Duba yanayin na'urar kafin a fara rubutu umarni ɗaya ne fa, amma sun kasa sa shi!

Wanda ya fi ƙona rai shi ne a bar fayil ɗin makulli, haruffa da lambobi 64 kacal, a kan sabar da ake yi wa ajiyar. Ranar da sabar ta mutu, makullin yana cikin kaset ɗin da ba ya buɗuwa sai da shi. Babu gwanin da zai fasa maka shi. Me ya hana a ajiye kwafi biyu a wurare daban, a kuma gwada dawo da bayanai a wata na'urar?

Masu KMIP, wato tsarin da ake karɓo makulli daga wata saba ta musamman, su ma ba su tsira ba. Sabar makulli guda ɗaya tal, ba mataimakiya. Takardar shaidar TLS, wadda ke tabbatar da amincin haɗi da sabar, ta ƙare ko a toshe tasha ta 5696 da KMIP ke bi, ajiya ta tsaya cik.

Ga kuma masu barin manhaja ta kulle kafin bayanai su isa na'ura. Na'urar tana matse bayanai ne don kaset ya ɗauki da yawa, amma kullallen bayani ba ya matsuwa, sai kaset ɗin LTO-8 ya cika a terabait 12, a tura ka sayen ƙari.