Gwada Linux ba sai ka goge Windows ba

Da yawa suna tsoron taɓa Linux, wato babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta kamar Windows, saboda an ce musu sai sun goge Windows tukuna. Ba haka ba ne. Sauke Linux Mint ko Ubuntu (dukansu nau'o'in Linux ne), ka ɗora shi a filashi mai gig 8 da manhajar Rufus, sannan ka tayar da kwamfutar daga filashin. Zai yi aiki ba tare da ya taɓa fayilolinka ba, muddin ba ka danna maɓallin girkawa ba. Zai ɗan yi nauyi, laifin filashin ne. Ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta sosai, don a nan matsala ta fi ɓuya. Abin da Rufus zai share tas shi ne filashin kansa, don haka kwashe kayanka daga ciki tun farko.