Mataimakin da aka maƙala a gindin kwat

"Onarabul, don an zana ka da ƙaton tumbi a Facebook kake wannan huci?" in ji Malam Ɗan Boko. "Ai ba ka ga zane ba. A Amurka, zaɓen 1872, wani mai zanen ba'a, Thomas Nast na mujallar Harper's Weekly, ɗan a-mutun Shugaba Grant, ya tasa abokin karawar Grant ɗin, Horace Greeley, a gaba. Kullum ga shi nan da farar kwat, tabarau a hanci, takardu na leƙowa daga aljihu."

"Kwat ɗin ta karɓe shi?"

"Ba'a fa ake masa, ranka ya daɗe."

"Na ji. Amma ta karɓe shi?"

Malam ya kurɓi shayi don kada ya yi saɓo.

"Mataimakinsa Gratz Brown ma ko fuska bai samu ba. An ce Nast ba shi da hotonsa, sai ya rubuta sunan a 'yar takarda ya maƙala a gindin kwat ɗin Greeley."

Onarabul, wanda kujerar mataimakin ciyaman yake nema karo na uku, ya miƙe zumbur har hula ta karkace.

"Mataimaki sukutum? A gindin riga? Ba shi da 'yan uwa ne?"

"Zauna ka ji. Greeley ya sha kaye, matarsa ta rasu ana saura 'yan kwanaki zaɓe, shi ma ya bi ta ranar 29 ga Nuwamba, tun wakilan jihohi ba su kaɗa nasu ƙuri'un ba."

"Allah sarki. To shi mataimakin, takardar babba ce ko ƙarama?"

"Mutum fa ya mutu!"

"Kowa ma zai mutu, Malam. Amma a fasta, in ciyaman ya ci rabi, mataimaki ya ci rabi. Ni tawa sai da na auna da igiya."

Mai shayi, wanda fastar nan ta rufe masa har allon farashin Indomie, ya ɗago kai.

"Ni ma irin ta Nast na yi maka, yallaɓai. Ba ni da hotonka, sai na rubuta sunanka a littafin bashi. Kofi 41."

Onarabul ya karɓi littafin, ya ƙura masa ido.

"Kai, Ɗanlami! Ina 'Onarabul' ɗin? Kuma wa ya ce ka sa ni a ƙasan mai faci?"