Kwanon gidanmu na Tudun Wada da rufina na Dallas

Farkon daminar bara, ƙanena ya kira ni da asubar fari: “Yaya, iska ta yaye kwanon ɗakin Hajiya, har da katakon, an tsinto shi a bayan masallaci.” Kafin la'asar, kafintan layinmu ya hau sama, an sayo bandir biyu na kwano, an ɗauko katako a kasuwar Panteka ta Kaduna, ni na turo kuɗi, Kawu ya biya kuɗin aiki. Hajiya ta kwana a ɗakinta a daren.

Ni kuwa da ƙanƙara ta farfasa mini rufi a nan Dallas ta jihar Texas, sai da na yi wata biyu da tamfol a saman gida.

A Amurka, in dai da bashin banki ka sayi gida, inshora dole ce. Amma kada ka zaci ana ɓarna sai a miƙo maka daloli. Za ka ɗauki hotuna, ka rufe inda ke yoyo don kada a ce sakacinka ne ya ƙara ɓarnar, ka adana rasit, sannan ka jira mai kimantawa. Nawa da ya zo, ya zana murabba'i ƙafa goma-goma da alli a kan rufin, ya durƙusa yana ƙirga tabon ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sannan akwai kason da mai gida zai fara cirewa daga aljihunsa. A Texas, na iska da ƙanƙara yakan zama kashi 1 ko 2 cikin ɗari na ƙimar gidan: gidan dala 300,000, kashi 2, ka ga dala 6,000 ke nan kafin kamfani ya sa sisi. In rufin tsoho ne, wasu yarjejeniyoyin sukan zabge kuɗin tsufa. Ga masu gyaran rufi da ke bin gida-gida bayan hadari suna cewa za su yafe maka kasonka, alhali dokar jihar ta hana hakan tun 2019.

To ashe namu ya fi? Haka na ɗauka, sai da na tuna cewa ɗaki ɗaya kawai iskar ta taɓa a gidanmu, kuma Hajiya na da ɗa a waje. Ranar da guguwa ta bi unguwa guda a Rigasa ko Kawo, wanda za ka je wa kuka shi ma kwanonsa na kan titi. Kafinta ya yi tsada, kwano ya tashi. Jami'an SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, za su zo su rubuta sunaye, a yi jaje, abin da zai biyo baya kuma sai yadda hali ya yi. Bazawara mai marayu sai dai ta ɗora bulo da tsohuwar taya a kan guntun kwanon da ya rage.

Na san dalilinmu na gudun inshora. Wasu na tsoron riba da caca, wasu sun ga yadda ta mota ta zama takardar nuna wa ɗan sanda kawai. Amma tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, kuma akwai kamfanonin da ke yin ta. Tsarin bai yi nisa da adashinmu ba: kowa ya zuba, wanda tsautsayi ya faɗa wa a cire a ba shi, rarar da ta saura a raba wa masu zubi. Laifin da nake gani na kamfanonin ne: sun zauna a ofis suna jiran ma'aikatan gwamnati, ba su zo ƙofar masallaci sun yi bayani da Hausa ba.

Na sa ƙanena ya je ya tambayo nawa ne kuɗin shekara na gidan Hajiya, kuma ya tabbatar takardar ta ambaci iska da ruwa, ba gobara kaɗai ba. Ya ce sai ya fara jin ta bakin Malam.