Ranar da na hau igiyar teku a kan bencin mai shayi

Daga Kano zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, saboda haka duk Bakanon da ya je ya ga tekun Atilantika da idonsa yana da damar ya baje kolinsa a majalisa ba tare da an ƙure shi ba. Yawancinmu iyakar saninmu da babban ruwa madatsar Tiga ce, wasu ma kududdufin unguwa ne ya yi musu iyaka. Ni harkar yadi ce ta kai ni Legas a watan Agusta, kaya suka ƙi fitowa da wuri, zaman jira ya gundure ni, sai wani ɗan'uwa ya saka ni a kwale-kwale mai inji zuwa Tarkwa Bay, inda mota ba ta zuwa.

A can na ga samari suna hawa igiyar ruwa a tsaye a kan allo. Cikin Tarkwa da ɗan sauƙi, domin katangar duwatsun da aka gina don kare mashigar jiragen ruwa tana rage mata ƙarfin teku. Idan aka taka zuwa yamma kuwa, wajen tsohuwar hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora, babu abin da ya tsaya tsakanin mutum da tekun, kuma ƙwararru ne kaɗai ke shiga. Wani yaro mai allo ya yi mini bayani, ni kuma na haddace. Igiyar wurin a kan tudun yashi na ƙarƙashin ruwa take karyewa, yashin kuma kullum cikin ƙaura yake, don haka inda ta tashi da kyau jiya, yau sai ta miƙe gaba ɗaya ta rufto lokaci guda kamar katangar ƙasa a tsakiyar damina. Ruwan da ta watso bakin gaɓa yana komawa ta wata siririyar hanya da ƙarfin da zai ja ƙato zuwa ciki, kuma wanda ya yi kokawa da shi kai tsaye gajiya ce za ta kashe shi; sai dai ya yi iyo a kaikaice, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan. Manyan igiyoyin a damina suke zuwa, daga guguwar da ake yi can nesa a kudancin tekun. Abin da ya fi burge ni shi ne iskar hunturu, wadda ke fasa mana leɓe a Kano, ita suke yabo, domin tana busowa daga tudu ta tokare fuskar igiyar ta sa ta tsaya sumul. Duk wannan karatu daga kan yashi na ɗauke shi, takalmina a hannu, ruwa bai wuce mini idon sawu ba.

Da na dawo, bayan sallar magariba, na isa teburin mai shayin unguwarmu a Fagge, na tarar majalisa ta cika. Aka yi mini barka da hanya, na gyara murya na fara. Na gaya musu cewa wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, kuma ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa ya kai tan guda, wato buhun siminti 20, su lissafa abin da ke sauka a kan wuyan mutum idan igiya ta fi shi tsawo. Majalisa ta yi tsit. Wani dattijo da duk muke kira Baba, wanda bai taɓa yarda da labarin da ba shi ya kawo ba, ya kurɓi shayi ya ce, "To Alhaji, shi mutumin ta yaya yake miƙewa a kan katakon, ruwa yana tafiya da shi?"

Na ce, "Baba, ai wannan ba a baki ake faɗarsa ba, a ba ni benci."

Mutane suka tashi, aka bar wani maƙwabcina mai jiki zaune a ƙarshen bencin yana cin burodi da ƙwai. Na naɗe hannun babbar riga, na miƙa wa wani yaro hulata, na kwanta rub da ciki. Na nuna musu yadda ake tuƙi da hannu biyu, da yadda ake danna allo a nutse ƙarƙashin igiyar da ta riga ta karye, na kuma bayyana cewa kaki ake gogawa a allon don kada ƙafa ta zame, sannan a ɗaure shi da igiya a idon sawu. Har na ja musu kunne cewa babban haɗari shi ne mutum ya matsa gaba da yawa, domin hancin allon zai nutse, gindinsa ya tashi, ya wurgar da mai shi. Ina wannan bayani ina jan ciki ina matsawa gaba, saboda 'yan baya su gani da kyau.

Na dafa tafukana a daidai ƙirji, na ce, "Ga igiya nan ta taso, ku duba ƙafafuna." Na yi tsalle guda na dira a tsugune, ƙafar hagu a gaba, hannuwa a buɗe, kuma wallahi dirar ta yi kyau, har wani ya fara tafi. A daidai lokacin ne ladan ya kira isha'i, maƙwabcina kuwa mutum ne mai son sahun farko, sai ya yi zumbur ya miƙe.

Hancin benci ya nutse, gindinsa ya tashi, daidai yadda na karantar. Na wuce ta gefen Baba da ka, na laƙumo ledar da aka shimfiɗa a tebur ina neman abin riƙewa, ta biyo ni da gwangwanayen madara da dalar burodi, na sauka a kan kiret biyu na ƙwai da aka ajiye a ƙasa. Allah ya taimake ni tukunyar ruwan zafi tana ɗaya gefen. Ƙwararru idan sun faɗi suna rufe kai da hannuwa saboda allo kan biyo su, kuma bencin bai saɓa wa wannan ƙa'ida ba, ya same ni a ƙeya.

Baba ya leƙo, kofinsa a hannu ko ɗigo bai zube ba, ya ce, "Sannu Alhaji. Yanzu a kaikaice za ka yi iyon, ko mu jawo ka?"

Mai shayi bai yi dariya ba, ya ɗauko biro yana ƙirga. Ƙwai 60 ne a kiret biyun, 7 suka tsira, ya ce su ma ba ya so domin sun ga tashin hankali. Na biya na tafi gida in sake riga, na rasa jam'in isha'i, uwargida kuma ta dubi rigar ta tambaye ni ko sana'ar wainar ƙwai na koyo a Legas. Na ce mata matsalar daga bencin take, ba a goga masa kaki ba.